Florence Nightingale: Fitilar Da Muka Sani Da Lissafin Da Ba A Faɗa Mana Ba

Ranar da aka yi bikin ɗaura wa yayata hular jinya a makarantarsu, har da ni cikin 'yan rakiya. Aka kashe wutar ɗakin taro, kowace ɗaliba ta riƙe kyandir, suka jeru cikin fararen kaya suna karanta alƙawarin aiki. Mama har da share ƙwalla. Shugabar makarantar ta yi ta ambaton wata Baturiya, Florence Nightingale, wai ita ce uwar wannan aiki, wai da fitila take zagayawa cikin dare tana duba sojoji masu rauni. Ni kuwa a ranar hankalina na kan shinkafar da za a raba, ban riƙe komai ba sai zancen fitilar.

Bayan kusan shekara biyu, muna zaune a lakcar ƙididdiga, malaminmu ya haska wani zane a allo mai kama da furen da aka yayyanka, ya ce wadda ta yi shi a 1858 sunanta Florence Nightingale. Na ɗauka suna ne ya zo ɗaya. Ashe ita ce dai. Tun daga ranar na shiga bin diddiginta, kuma abin da na tarar shi ne matar nan ta fi kusa da mu 'yan poli fiye da yadda muke zato. Rabin aikinta lissafi ne, da lambatu, da famfo, da tsarin gini.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta ke doguwar tafiyar shaƙatawa bayan aurensu. Sunan garin aka ba ta. Iyayenta Turawan Ingila ne masu hannu da shuni. Gida biyu gare su, ɗaya a Derbyshire na zaman bazara, ɗaya a Hampshire na sauran shekara, ga barori ga dawaki. Mahaifinta William bai da ɗa namiji, sai ita da yayarta Parthenope, sai ya zauna da kansa ya koyar da su abin da a zamanin maza kaɗai ake koya wa: Girkanci, Latin, Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, tarihi da falsafa. Lissafi kuwa ita ta nace a kansa, duk da mahaifiyarta Fanny ba ta ga amfaninsa ga 'ya mace ba.

Abin da aka tsara mata a bayyane yake. Ta yi ado, ta iya hira a gidan biki, ta auri mai kuɗi, ta zauna. Sai dai a Fabrairun 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta cewa Ubangiji ya kira ta ga wata hidima. Kirista ce mai riƙo da addininta, kuma ta ɗauki wannan kira da gaske har ƙarshen ranta. Ta yi shekaru kafin ta gane wace hidima ce. Da ta gane, a 1845, ta nemi a bar ta ta je asibitin Salisbury ta koyi jinya na wata uku. Gidan ya hargitse. Uwa ta fusata, yaya ta yi ta kuka, uba ya yi gum.

Kada mu yi saurin zarginsu. Asibitin Ingila na wancan lokaci wuri ne da talaka ke zuwa idan ya rasa yadda zai yi. Mai hali a gida ake jinyarsa, likita ya biyo shi har ɗaki. Matan da ke aiki a asibiti kuwa yawancinsu ba su da horo, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma an yi musu tambarin shan giya da rashin kamun kai, ko da ba duka ne haka ba. To ka ɗauka 'yar babban attajiri a garinku ta ce ita kwasar fo za ta riƙa yi a irin wannan wuri. Haka iyayenta suka ji abin.

Ta yi shekara takwas tana wannan dambarwa. A tsakanin nan ba ta zauna haka kawai ba. Takan tashi da asuba kafin mutanen gida su farka, ta kunna kyandir, ta karanta rahotannin gwamnati kan asibitoci da tsaftar birane, tana kwafe alƙaluma a littafinta. Wani mawaƙi kuma ɗan majalisa, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, ita ma tana son sa, amma a 1849 ta ce a'a, don ta san in ta shiga gidansa zancen aiki ya mutu. A Rum ta haɗu da wani ɗan siyasa mai suna Sidney Herbert da matarsa, haɗuwar da ta zame mata tsani daga baya. Ta je Masar da Girka. A 1850 ta leƙa wata cibiyar coci a Kaiserswerth da ke Jamus, inda wani fasto, Theodor Fliedner, ke horar da mata kula da marasa lafiya, ta koma a 1851 ta yi wajen wata uku. Iyakar horon da ta samu ke nan, sai ɗan abin da ta gani a asibitocin Faris. Ko samista guda cikakkiya bai kai ba.

A 1853 mahaifinta ya sakko, ya yanka mata fam 500 duk shekara. Da kuɗin nan ta samu 'yancin kanta, tana da shekara 33. Ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan. Abin da ta fara yi a can ya nuna irin tunaninta: ta sa aka ja bututun ruwan zafi zuwa kowane bene, aka sa na'urar hawar da abinci sama, aka haɗa ƙararrawar da ke nuna wane ɗaki ne ake kira. Hujjarta ita ce nas ɗin da ta yini tana hawa da sauka da bokiti ba ta da sauran ƙarfin kula da majinyaci.

Sai ga yaƙin Kirimiya. A 1854 Ingila da Faransa suka shiga faɗa a gefen Daular Usmaniyya, suna yaƙar Rasha. Wannan na cikin yaƙe-yaƙen farko da 'yan jarida suka bi sojoji har fagen daga. Jaridar The Times ta riƙa buga yadda sojojin Ingila masu rauni ke mutuwa ba bandeji ba mai duba su, alhali Faransawa na da matan coci masu yi musu jinya. Jama'a suka harzuƙa. A lokacin Sidney Herbert na riƙe da ofishin da ke kula da kuɗi da gudanarwar soja. Ya rubuta wa Florence wasiƙa yana roƙon ta je, ita ma ta rubuta tana neman a bar ta ta je, wasiƙun suka yi saɓani a hanya. Ranar 21 ga Oktoba, 1854, ta bar Landan da mata 38. Ashirin da huɗu matan coci ne, Katolika da Angilika, sauran 14 daga asibitoci aka tsinto su.

Ga wani abu da da yawa ba su sani ba: asibitin da ta yi suna a cikinsa ba a Kirimiya yake ba. A Scutari yake, unguwar da yau ake kira Uskudar, a tsallaken ruwan Istanbul ta ɓangaren Asiya. Daga fagen yaƙi sai an loda marasa lafiya a jirgin ruwa, a ƙetare Baƙin Teku, tafiyar kusan mil 300, kwana da kwanaki suna kwance a kan katako. Wasu a hanya suke cikawa. Waɗanda suka iso kuma wani tsohon barikin sojan Turkiyya ake kai su, ƙaton gini da aka mayar asibiti da rana tsaka.

Ta sauka a farkon Nuwamba, daidai lokacin da aka gwabza a Inkerman. Abin da ta tarar ba ya faɗuwa. Layin majinyata, in an haɗa shi, ya kai mil huɗu, tsakanin wannan da wancan bai fi taku ɗaya ba. Ginin a kan magudanar ƙazanta yake zaune, magudanar kuma ta toshe, iska na busowa da warin ta cikin masai har ɗakunan kwana. An jera manyan baho na bahaya a tsakar ɗaki, sai su yini ba a zubar ba, ga shi yawancin mutanen atini da gudawa ke damunsu. Ɓeraye, ƙuma da ƙwarƙwata kuwa sun samu gida. Babu isasshen sabulu, babu tawul, babu cokali, babu rigar sauyawa.

Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba. Mace, farar hula, kuma 'yar gaban goshin minista, me ya kawo ta barikinsu? Nan ta yi wata dabara da ni a ganina ita ce ta cece ta. Ta hana matanta taɓa kowane majinyaci sai likita ya nema. Suka zauna suna ɗinkin katifa da tsage bandeji, suna jin nishin mutane ta bayan bango, wasunsu har suna ganin ta cika taurin zuciya. Ba a yi kwanaki ba jiragen Inkerman suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni, likitoci suka rasa inda za su sa kansu, da bakinsu suka ce a zo a taimaka. Da ta kutsa da ƙarfi tun ranar farko, da takarda guda za a rubuta a mayar da ita gida.

Daga nan sai ta zama kamar sito da ofishin saye-saye a mutum ɗaya. Tana da kuɗinta, ga gudummawar da masu karanta The Times suka tara. Kayan da sito na soja ke cewa sai kwamiti ya zauna kafin a fitar, ita sai ta aika kasuwar Istanbul a sayo. Cikin abubuwan farko da ta nema har da burushin goge ƙasa guda 200. Ta kama hayar gida a waje, ta sa tukwanen dafa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki tana biyan su. Ta buɗe kicin na dafa romo da abinci mai laushi ga waɗanda ba sa iya tauna nama. Ta sayi labulen tsayawa don kada wanda ke jiran a yanke masa ƙafa ya kalli yadda ake yanke ta maƙwabcinsa. Da aka ce ga wasu ɗaruruwa na tafe kuma babu wuri, ta ɗauki leburori 200 suka gyara wani sashe na ginin da gobara ta ci. Daga baya wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zo ya gyara tsarin girkin gaba ɗaya.

Zancen fitila gaskiya ne, ba ƙage ba. Bayan ƙarfe takwas na dare ba ta barin sauran mata a ɗakunan maza, ita kaɗai ke zagayawa. Sai dai fitilar ba irin mai kama da butar shayi da ake zanawa a bajon makarantun jinya ba ce. Fitilar Turkawa ce mai naɗewa, da kyandir a ciki. In ta gama zagaye ta koma ɗaki ta hau rubutu: wasiƙu ga iyayen waɗanda suka mutu, da dogayen rahotanni ga Herbert. Ta kuma shirya yadda soja zai aika albashinsa gida maimakon ya ƙarar a mashaya, ta buɗe musu ɗakin karatu. Manyan hafsoshi na kallon ƙaramin soja kamar dabba, ita ta ɗauke shi mutum. Shi ya sa suka so ta.

To ga inda labarin da ake ba mu ke tsallakewa. Duk da wanki da romo da fitila, mutuwa ba ta ragu ba. Ƙaruwa ma ta yi. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari. A Fabrairun 1855, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, wajen 42 ba sa fita da rai. Kuma ba harsashi ke kashe su ba. Taifod ne, da kwalara, da atini, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Mutum zai zo da rauni a hannu, ya sha ruwan asibiti, gudawa ta tafi da shi.

A Maris 1855 gwamnati ta turo hukumar tsafta, cikinta akwai likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. 'Yan sashen injiniyan gine-gine, ku riƙe sunan nan. Su ne suka buɗe magudanun da suka toshe suka wanke su, suka huda rufi da tagogi iska ta samu hanya, suka shafe bango da farar ƙasa, suka kwashe tulin shara da mushen dabbobi. A hanyar da ruwan sha ke bi zuwa asibitin, mushen doki suka tarar. Kafin watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Gaskiya ne sanyi ya wuce, cunkoso ya ragu, abinci ya gyaru, duk sun taimaka. Amma faɗuwar ta zo ne bayan an taɓa lambatu da ruwa.

Ita kanta a watan Mayu na shekarar ta ƙetara Kirimiya duba asibitocin can, zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fid da rai. Masana na yau sun fi karkata ga cewa cutar nan ce da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Ta tashi, ta ƙi komawa gida, ta zauna har aka sallami majinyacin ƙarshe. A Agustan 1856 ta koma Ingila. Ana shirin tarbarta da ganguna da algaitu irin nasu, sai ta yi tafiyar da sunan aro, ta sauka a ƙaramar tashar jirgin ƙasa, ta taka da ƙafa zuwa gidansu.

Da wata ce, nan labarin zai ƙare. Shekararta 36, sunanta ya cika ƙasa, ana buga hotonta a faranti ana raɗa wa jarirai sunanta. Ita kuwa tambaya ɗaya ta hana ta barci: me ya kashe mutanen nan? Ta je ta ga Sarauniya Victoria a Balmoral, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857, Herbert na shugabanta. Mace ba ta da kujera a irin wannan hukuma, saboda haka daga ɗakinta take shirya tambayoyi da hujjoji. Ta haɗa kai da William Farr, babban masanin ƙididdigar mace-mace na Ingila, suka zauna suka bi alƙaluman yaƙin wata bayan wata.

Abin da ya fito ba mai daɗin ji ba ne. Cikin sojojin Ingila sama da 20,000 da suka mutu a yaƙin, fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su. Ɗauki watan Janairun 1855 kaɗai. Rundunar na da mutum 32,393. Rauni ya kashe 83. Wasu dalilai sun kashe 324. Cututtukan da za a iya kauce musu sun kashe 2,761. Ku buga a kalkuleta: kusan mutum ɗaya cikin goma a wata guda. Da an ci gaba a haka ba tare da kawo sababbi ba, da rundunar ta ƙare kafin shekara ta zagayo, ko da Rasha ba ta harba ko bindiga ɗaya ba. Kuma babban kaso na mutuwar a asibitin da take ciki ya faru. Tun tana can ta koka da ƙazanta, amma ta fi ɗora laifin a kan yunwa, ƙarancin kaya da gajiyar da sojoji ke isowa da ita. Lissafi ne ya nuna mata girman abin da ginin kansa ya yi. Masana tarihi har yau suna jayayya kan yaushe ta gane hakan, amma ba sa jayayya kan abin da ta yi da shi: ba ta ɓoye ba. Ta rubuta rahoto mai shafi sama da 800, ta buga da kuɗinta, kuma yabon raguwar mutuwa ta miƙa shi ga hukumar tsafta.

Wannan ne ya fi burge ni a rayuwarta, fiye da fitilar. Mu da muke rubuta firojet mun san jarabar da ke zuwa wa mutum idan alƙaluma suka ƙi ba shi abin da yake so. Ana ɗan taɓa su, a ce ai ba wanda zai duba.

Ta kuma san 'yan majalisa ba za su karanta jadawali ba. Shi ya sa ta yi zanen nan da malaminmu ya nuna. Da'ira ce aka raba gida 12, kowane yanki wata guda, girman yankin gwargwadon yawan mutuwa. Ja na rauni, baƙi na sauran dalilai, shuɗi na cututtukan da za a iya hanawa. Kallo ɗaya za ka yi ka ga shuɗin ya haɗiye komai. A gefe ga da'ira ta biyu, ta shekarar da ta biyo bayan gyara, ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya. Gani ya kori ji. Ita da Farr sun ƙara gano cewa ko a lokacin zaman lafiya, matasan sojoji da ke barikokin Ingila na mutuwa kusan ninki biyu na fararen hula sa'o'insu, alhali sai an tantance lafiyar mutum kafin a ɗauke shi soja. Aka shiga gyara barikoki, aka buɗe makarantar likitocin soja. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko a cikinsu. (Duk wanda ya taɓa bi ta bayan hostal ɗin maza da damina, ya san da za a yi mana irin wannan zane, da shuɗin ba zai yi kaɗan ba.)

Tun tana Scutari jama'a suka tara mata kuɗi, wajen fam 45,000. Da su ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, a Yulin 1860, da ɗalibai 15. Ba ita ta fara jinya a duniya ba, wannan a bayyane yake. Mu nan mun san Rufaida al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, ƙarni goma sha biyu kafin Scutari. Matan coci ma sun daɗe suna yi. Abin da Florence ta kawo sabo shi ne tsari: jinya ta zama sana'ar da ake koyo a makaranta mai haɗe da asibiti, da lakca, da aiki a ɗakin majinyata, da tantancewa, da albashi, ba tare da sai mace ta shiga wata ƙungiyar addini ba. Kuma shugabar nas-nas mace ce daga cikinsu, ita ke da iko a kansu. Horon shekara ɗaya ne, kowace ɗaliba na rubuta abin da ta yi a kullum, ana cike mata takardar hali da ƙwazo duk wata. Waɗanda suka gama aka riƙa tura su su kafa irinta a wasu wurare, har Sidni ta Ostireliya a 1868.

Gab da buɗe makarantar ta fitar da ɗan littafinta Notes on Nursing. Ba don 'yan asibiti ta rubuta shi ba, don matan gida ne masu jinyar 'ya'ya da iyaye. Iska mai kyau, haske, ruwa mai tsafta, magudana, shimfiɗa, abinci a kan lokaci, yawan wanke hannu, da sa ido a lura da sauyin da ke faruwa ga marar lafiya, su ne jigonsa. Har 'yan dubiya ba ta ƙyale ba, masu cika ɗaki da surutu, kowa da maganin da zai ba da shawara a sha, da masu raɗa a bakin ƙofa majinyaci na jiyo su yana ƙara tsorata. Da na karanta wurin sai na ga kamar ta taɓa zuwa asibitinmu ranar Juma'a da yamma.

Abin mamaki, yawancin wannan aiki daga kan gado ta yi shi. Tun 1857 ciwon da ta ɗauko a Kirimiya ya riƙa kwantar da ita, ta shafe shekaru da wuya ta fita. Ministoci da gwamnonin da za a tura Indiya su ke zuwa gidanta, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa taka Indiya ba, amma ta aika takardun tambayoyi zuwa barikokin can, ta tattara amsoshi, aka gano sojan Ingila 69 cikin 1,000 ke mutuwa duk shekara. Bayan shekara goma ana gyara, adadin ya sauko zuwa 18. Daga baya hankalinta ya koma kan ƙauyukan Indiyawa kansu, ruwan shansu da yunwar da ke addabarsu. A 1865 ta tura ɗalibarta Agnes Jones da nas 12 zuwa gidan gajiyayyu na Liverpool, inda a da gajiyayyun ne ke jinyar junansu. Agnes ta kamu da zazzaɓi a bakin aiki ta rasu a 1868. Akwai kuma sashen horar da unguwarzoma da ta buɗe a asibitin King's College. Da alƙaluma suka nuna masu jego na mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa fiye da kima, aka rufe shi a 1867, ta zauna ta yi nazarin dalili ta buga.

Ba waliyyiya ba ce, kuma bai kamata a mayar da ita haka ba. Tana da kaifin harshe, ba ta da haƙuri da mai rauni. Herbert na fama da ciwon ƙoda tana ƙara masa aiki, har ya rasu a 1861, abin da ya dame ta ƙwarai daga baya. Ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, sai a shekarun 1880 ta rungumi bayanin ƙwayoyin cuta sosai. Sa'arta ita ce maganin da ta bayar, wato tsafta, yana aiki ko da dalilin da ta kafa bai cika daidai ba. Ta yi adawa da yi wa nas-nas rajistar gwamnati, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali, sai a 1919 bayan mutuwarta aka yi dokar. Ga kuma Mary Seacole, baƙar fata 'yar Jamaika mai ilimin maganin kwalara, wadda ta nemi shiga ayarin masu jinya a Landan masu ɗaukar aiki suka ƙi ta, ta kai kanta Kirimiya da kuɗinta ta buɗe wurin abinci da magani kusa da Balaklaba. Florence ba ta taɓa ɗaukarta abokiyar aiki ba. Haka nan a 1863 ta yi nazarin makarantun 'yan mulkin mallaka, har da na Saliyo, ta nuna yaran na mutuwa ninki biyu na yaran Ingila. Ta fallasa ɓarnar, amma ba ta tuhumi mulkin mallakar kansa ba, kuma kalmomin da ta yi amfani da su a kan mutanen irin na Turawan zamaninta ne masu ganin sun fi kowa wayewa.

Igiyar da ta haɗa ta da mu ba doguwa ba ce. A 1946 wata 'yar Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga wannan makaranta ta St Thomas. Ta dawo gida a 1954, ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A 1973 aka ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale, wadda Red Cross ke bayarwa tun bayan kafa ta a 1912. Alƙawarin da yayata ta karanta da kyandir a hannu kuwa, ba Florence ta rubuta shi ba. A Amurka aka tsara na asalin, a 1893, aka laƙaba masa sunanta don girmamawa.

Ta yi tsawon rai. Idonta ya tafi a farkon ƙarni na 20, tunaninta ma ya fara rauni. A 1907 aka ba ta lambar Order of Merit, mace ta farko da ta samu, har gida aka kai mata. Ta rasu cikin barci ranar 13 ga Agusta, 1910, a gidanta da ke South Street a Landan, tana da shekara 90. Aka yi tayin binne ta a Westminster Abbey tare da sarakuna, danginta suka ƙi, bisa wasiyyarta ta kada a yi mata gagarumin biki. Sojoji shida suka ɗauki akwatinta zuwa maƙabartar wani ƙaramin coci a East Wellow, kusa da gidan da ta girma, inda iyayenta ke kwance. A gefen dutsen da ke nata ba a rubuta cikakken sunanta ba, haruffa biyu ne kawai, F da N, sai ranar haihuwa da ranar rasuwa.